Kaset ɗin da Muka Kwafa a Rumbun Inna

Ni tela ne, kuma tun ina saurayi Allah ya jarrabe ni da son kiɗan da ban iya ba. Idan na ɗaga murya kaji barin tsakar gida suke yi. Saboda haka da abokaina suka kafa orkes, wato ƙungiyar kiɗa, a Filingue, a shekarun ƙarshe na mulkin soja, ban nemi a ba ni ganga ko jita ba. Sai na naɗa kaina shugaban masoyansu ba tare da kowa ya zaɓe ni ba, abin da a lokacin ba baƙo ba ne a ƙasar. Shagona da ke kusa da tasha shi ya zama ofishinmu.

Mai waƙar, wanda kuma shi ke riƙe da babbar jita, abokina ne tun muna 'yan makaranta a lakwal. Dogo ne marar surutu. Idan yana magana sai ka matso kusa kafin ka ji, idan kuwa ya fara waƙa sai tsikar jikinka ta tashi. Sauran ukun, Allah ya ba su lada, ƙoƙari suke yi. Mai ƙaramar jita da wayar birkin keke yake maye tsirkiyar da ta tsinke, mai ganga kuma ko an gama waƙa shi bai gama ba. Ba su da ubangida, ba su kuma cikin ƙungiyar matasan da gwamnati ke kai wa gidan rediyo a Yamai su yi waƙar dashen itatuwa da son aiki. Su waƙoƙinsu na ruwan shuka ne, da 'yan mata a bakin rijiya, da hanyar Yamai mai karya ƙugu. Ni dai a kunnena babu kamarsu, kuma har yau ban sake ra'ayi ba.

Matsalarmu guda ɗaya ce, mahaifiyar mai waƙar, wadda dukanmu muke kira Inna. Gajeriyar mace ce mai kaifin murya, mijinta ya rasu ya bar mata gona da sunan kirki. Gidansu manoma ne kaka da kakanni, ba su gaji kiɗa ba, kuma a wurinta duk wanda ya tsaya gaban jama'a yana waƙa maroƙi ne, ko da jitar zinariya yake riƙe da ita. Abokina shi ne ɗanta na fari, don haka bisa al'ada ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa. Idan tana da saƙo sai ta ba duk wanda ke kusa, ko da shi yana zaune a gabanta. Idan babu kowa sai ta ba akuya.

A farkon daminar shekarar ni ta ba saƙon, muna cin tuwo da shi a ƙwarya ɗaya.

"Tela," ta ce, "ka ce ma wancan, in anka yi girbi anka ɗaure dammuna, shi tahi Kwatano wurin kawunai shi koyi kasuwa. Na gaji da jin ana ce man uwar makaɗi."

Na juya na maimaita masa, don haka aikin ɗan aike yake. Muka gama cin tuwon muka fita. A hanya ya ce da ni in Inna ta ce ya tafi, tafiya zai yi, jitar kuma ya bar mini ita in rataye a shago. Na san shi, ba ɗan da zai tsallake maganar uwarsa ba ne. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, har na ɗinka wa wani mutum aljihu a baya.

Washegari na kira taron masoya. Mu uku ne. Akwai ni, akwai mai ƙosai ta bakin tasha, wadda ta girme mu duka amma ta fi mu rawar kai, sai direban wata tsohuwar mota mai jigila tsakanin Filingue da Yamai, Bazabarme ne mutumin Damana. Shawararmu mai sauƙi ce. Kafin girbi za mu sa ƙasarmu ta Kurfey duka ta san waƙoƙin nan. Idan Inna ta ji ana ambaton ɗanta da alheri a kowace kasuwa, zuciyarta za ta yi sanyi. Mai ƙosai ta ce ta san Inna tun suna 'yan mata, zuciyarta ba ta taɓa yin sanyi ba ko a cikin randa, amma a gwada.

Kaset muna da shi guda ɗaya tak. Wani mushe, wato malamin lakwal, mai rediyo mai kyau ya ɗaukar musu a cikin aji ranar da babu lakwal, abokina kuma ya adana shi a ƙasan akwati kamar kayan lefe. Ya yarda a kwafa daga jikinsa sau ɗaya kawai, don kada zaren ya gaji. Wannan kwafin shi zai zama uwa, daga gare shi za a haifi sauran. Mu kuwa ba mu da rediyo mai baki biyu. Yadda muke yi shi ne a ajiye rediyona da na mai ƙosai fuska da fuska, ɗaya na waƙa ɗaya na ɗauka. Illar abin, mai ɗaukar ba ya zaɓe, duk abin da ya ji sai ya haɗiye. Da muka jarraba da wani kaset na daban a shagona, sai muka samu kukan keken ɗinki, da jaki, da wani dattijo yana rantsuwa wandonsa bai kai idon sawu ba.

Mai waƙar da kansa ya kawo dabara. Rumbun ƙasa na Inna babu komai ciki, hatsin bara ya ƙare, ita kuma wuni take a gona. Wuri ne da ko ƙuda ya shiga sai ya yi shiru. Da hantsi muka je, muka danna rediyoyin, muka zura su da igiya cikin kwando, muka mayar da murfi, muka bar gidan don kada tarinmu ya shiga. Muka dawo muka juya fuska ta biyu, muka sake tafiya. Da muka ɗauko muka saurari farkon, sai ga murya garau, har mai ƙosai ta rangaɗa guɗa. Ba mu ji sauran ba. Pil, wato batirin rediyo, na da tsada, waƙoƙin kuma mun haddace su kamar sunayenmu. Da yamma abokina ya ce Inna na ta yi wa akuya faɗa a kan rumbu, don haka sauran kwafin a rumbun mijin mai ƙosai muka yi su, can bayan gari.

Daga nan kowa ya kama aikinsa. Mai ƙosai ta kafa rediyo kusa da kasko, duk wanda ya iya amshi ta ƙara masa ƙosai ɗaya, har ya zama ma'aikatan gidan superfe, shugaban gundumarmu, masu taye suna tsayawa da safe suna rera waƙar bakin rijiya a ƙasan maƙoshi. Ni kuma duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai in ce saura maɓalli ɗaya, ya zauna, in kunna masa. Wasu sun so, wasu sun koma wurin wani tela. Amma babban ma'aikacinmu direba ne. Motarsa ba ta da gilashi a gefe guda, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, amma rediyonta lafiya lau. Tun daga tasha yake kunnawa har Yamai, wanda ya yi ƙorafi a mayar da shi baya wurin awaki. A kowace kasuwa yakan bar kaset wurin mai shayi ko mai gyaran keke. Daga baya, da aka saki siyasa, na ga 'yan jam'iyya suna yawo da amsa-kuwwa a kan mota suna ganin su suka ƙirƙiro abin, alhali direbanmu ya riga su da shekaru.

Abin da ba mu lura da shi ba, a Filingue babu wanda ya taɓa jin kaset ɗin har ƙarshe. Ƙosai kan ƙare kafin fuska ta farko ta ƙare, masu karɓar ɗinki kuma gudu suke yi. Sai a doguwar hanyar Yamai, inda ba mafita, ake kai wa waƙar ƙarshe ta fuska ta biyu, wato waƙar ruwan shuka.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da direba ya shigo shagona yana dariya har da riƙe ciki.

"Tela, ku 'yan duniya na! Tsohuwar nan da kunka sa, ita ta kaset ɗin. Fasinja dut ita su ka so. Jandarma ma na shingen hanya sun ce in ban kawo musu nasu ba, sai sun sauke man kaya."

"Wace tsohuwa?" na ce.

Ya ja ni cikin mota, ya sa biro ya murza kaset ɗin zuwa ƙarshe, ya kunna. Jita ta shigo a hankali, abokina ya fara kiran hadari daga gabas. Ana tsakiyar baiti na biyu sai na ji ƙwam, ƙwam, ƙwam, ana dukan bango da taɓarya. Sai murya:

"Ku ce ma wancan da ke cikin rumbuna shi hito! Rumbu na hatsi na, ba na hauka ba! Ubanai da hauya anka san shi, kakanai da hauya anka san shi, shi ko ya rungumi icce awa jinjiri. Shi aje iccen nan shi hito! In kiɗi ka cika rumbu, to shi cika mu gani!"

Ƙwam, ƙwam, ƙwam.

Ashe ranar Inna ta dawo daga gona da wuri, ta ji rumbunta na waƙa da muryar ɗanta, ta ɗauka yana ciki. Kuma da yake mace ce da ta yi rayuwarta tana daka, hannunta bai san kuskuren kiɗa ba. Kowane bugu ya faɗa daidai kan ganga, fiye ma da yadda mai gangar ke yi. Wanda bai san ta ba zai rantse an yi wata guda ana gwaji. Direba bai san muryarta ba, mutanen hanya ma haka. Ni kuwa da na san ta, zufa ta karyo mini har cikin takalmi.

Muka yi ƙoƙarin janye kaset ɗin, amma ina. Mai shayin garin Tabla ya kwafa wa surukinsa, surukin ya kwafa wa wani mai awon hatsi, a Damana kuma an ce har a gidan biki an sa shi. Sunan waƙar ma ya ɓace, kowa "waƙar tsohuwa" yake cewa. Kafin a fara girbi abin ya zagayo gida. Yara suna bin jakuna suna "shi aje iccen nan shi hito", mata a turmi suna yin bugu uku su tsaya su ƙyalƙyale da dariya. A Filingue kuwa babu wanda bai gane mai muryar ba.

Abokina ya zo shago ya zauna a kan benci, kansa a ƙasa. Na yi ta kawo masa hujja. Na ce ai sunansa ya kai inda ba mu yi zato ba, na ce har daga Yamai an aiko ana tambayar orkes ɗin. Ya ɗago ya ce, "Uwata a ka yi ma dariya, tela." Na tambaye shi me Inna ta ce. Ya ce ba ta ce komai ba, ko akuyar ma ta daina yi wa magana. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da duk faɗan da na taɓa ji daga bakinta.

Tun kafin wannan rikici mun riga mun nemi izinin yin wasa ranar kasuwa ta bayan girbi, a filin da ke bayan tasha, daga la'asar zuwa kiran magariba. Samun takardar ya ci mini sawu da yawa zuwa gidan superfe, da kuma gyaran riguna biyu kyauta. Abokina ya ce a fasa. Mai ƙosai ta zaunar da shi ta ce in ma tafiya zai yi, ya yi sallama da mutane a tsaye, kada ya sulale kamar wanda ya yi sata. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin ba za a taɓa waƙar ruwan shuka ba.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. 'Yan kasuwar ƙauyuka suka ƙi tafiya, aka ɗaure jakuna da raƙuma a gefe, motocin Yamai suka tsaya babu fasinja. Direba ya ciro batirin motarsa muka haɗa da amsa-kuwwa. 'Yan orkes suka fito cikin rigunan da na haɗa musu da ragowar yadin jama'a, har wata mata ta nuna hannun rigar mai ganga ta ce wannan atamfarta ce. Ni ina tsaye a gefen dandali riƙe da waya don kada ta tsinke, ina jin kaina kamar ni na haifi kowa a wurin.

Suka yi waƙar bakin rijiya, aka tafa. Suka yi ta hanyar Yamai, direbobi suka yi ihu. Sai wani daga baya ya ɗaga murya, "Waƙar tsohuwa!" Nan take fili ya ɗauka. Abokina ya yi kamar bai ji ba, ya shiga wata. Aka ƙi saurare. Wani dattijo mai rawani, wanda ya ce tun daga Damana ya taso don ita, ya rantse ba zai motsa ba sai an fito da tsohuwar ya gan ta da idonsa. Jandarman da aka turo tsaron wurin, maimakon ya tsawatar, shi ma cewa yake a yi ta. Mai ganga, da ba ya iya jure roƙo, sai kawai ya saki kiɗan. Abokina ya dube shi, ya dubi taron, ya ga ba makawa, ya rufe ido ya fara.

Wallahi bai taɓa rera ta da daɗi irin na ranar ba. Ya kira hadari, ya kira ƙamshin ƙasa, ya kira manomi mai fita da iri a ƙwarya tun rigarsa ba ta bushe ba. Na fara tunanin za a tsira. Amma ana isa tsakiyar baiti na biyu sai fili duka ya buga, wasu da tafi, wasu da sanda a ƙasa, wasu a jikin mota: ƙwam, ƙwam, ƙwam. Sannan maza da mata, Hausawa da Zabarmawa, har da waɗanda ba su jin Hausa sosai, suka haɗa baki da siririyar murya irin ta Inna:

"Shi aje iccen nan shi hito!"

Aka fashe da dariya. Ba da mugunta suka yi ba, ni shaida ne, ƙauna ce tsantsa. Amma abokina ya daina kaɗawa. Ya cire igiyar jitar daga wuyansa, ya sunkuya ya kwantar da ita a ƙasa. Mai ganga ya ƙara bugu biyu shi kaɗai kafin ya gane. Abokina ya matsa bakin makirfo ya yi magana da ƙaramar muryar nan tasa, amma wannan karon kowa ya ji.

"Wagga da ku ka kwaikwayo uwata ta. Ba waƙa ta yi ba, hwaɗa ta ka yi man. Kun ce in aje, na aje. Jibi ni ka tahiya Kwatano. Ku yahe man."

Dattijon Damana ya sunkuyar da kai. Ni kuwa hawaye ne suka cika mini ido, don mun yi damina guda muna wahala mu riƙe shi, ga shi da hannunmu mun ɗora shi a mota.

Sai na ga mutane suna darewa daga gefen rumfunan masu daddawa. Inna ce, da kwano a ka, ta taso daga cefane. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta tako har gaban dandali ba ta dubi kowa ba, ta tsaya daidai inda nake, wanda kuma daidai bakin makirfo na biyu ne. Na so in kashe shi, hannuna ya ƙi.

"Tela."

"Na'am, Inna."

"Ka ce ma wancan, ni nic ce shi aje iccen nan. Cikin gidana nic ce, bakin rumbuna. Mutanen Damana mi a nasu ciki? Su sunka haihe shi? Su sunka goya shi shekarar yunwa?" Ta juya ta watsa wa taron ido, dattijo mai rawani ya ja da baya har ya taka ƙafar jandarma. "Ɗiyan wani ba ya aje komi don kasuwa ta yi mai ihu. Ka ce shi ɗauka. Ran da za shi ajewa, ni ka hwaɗi, ba ku ba."

Na juya wurin abokina, wanda bai fi taku kaɗan da ita ba, na ce, "Inna ta ce ka ɗauka." Amsa-kuwwa ta kai maganata har bakin kasuwar dabbobi, amma babu wanda ya yi dariya.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ƙara da cewa, "Inna, to Kwatano fa?"

"Kai tela, aike anka yi ka ko ciniki?" ta ce. Ta gyara zaman kwanonta. "Kawunai na da ɗiya nashi. Ni wa za shi kai man dammuna rumbu in ya tahi?"

Abokina ya sunkuya ya ɗauki jitar. Ya kasa maƙala igiyar sai da mai ƙosai ta hau ta taimaka masa. Ya koma farkon waƙar ruwan shuka. Da aka zo tsakiyar baiti na biyu babu hannun da ya motsa a filin nan, waƙar ta wuce ita kaɗai, karo na farko da mutanen Kurfey suka ji abin da ke cikin sauran baitin.

Inna ta riga ta juya masa baya tun kafin ya fara, kamar yadda ya kamaci uwar ɗan fari, fuskarta na kallon hanyar gida, kwano a ka. Amma ba ta ɗaga ƙafa ba sai da ya kai ƙarshe.